Amanar Zabi a Ƙasar Ƙanƙara

Ranar Asabar, ƙarfe biyar saura kwata na yamma, muna zaune a tsakar gidana a Gyaɗi-Gyaɗi mu huɗu: ni, da maƙwabciyata Hajiya Laraba, da Malama Hadiza mai koya mana karatu a Islamiyyar matan aure, da ƙanena Sani mai shagon hatsi a kasuwar Tarauni. Hajiya Laraba ta sake tambayata yadda Kanada take. Karo na bakwai ke nan tun dawowata, ban da tambayar mutanen layi. Kowa na ba shi guntun labari sai ya tafi ya ɗinka masa nasa, har Sani ya ce ya ji a kasuwa wai na cinye zabin wata Baturiya an koro ni. Ba a koro ni ba, kuma ban ci ko tsoka ɗaya ba. Shi ya sa na ce zan rubuta sau ɗaya, bi da bi. Karatuna bai yi nisa ba, amma shekara ashirin da shida na yi ina kula da ɗakin kwanan ɗalibai mata, na san yadda ake ba da rahoto.

Na farko, dalilin tafiya. Autata Bilkisu can take aure, mijinta yana aikin haɗa magunguna a asibitin wani ƙaramin gari. Haihuwar fari ta zo mata, ba ta samu dawowa gida wankan jego ba, sai aka ce wankan ya bi ta. Takardu suka ja lokaci, har ta haihu da kwana tara kafin in tashi. Ban bar abin da ya dame ni a baya ba sai zabina. Shekara ashirin ina kiwonsu a bayan gida. Kaza nake sa wa ƙwan, don zabuwa ba ta iya reno ba. In sun girma su kwana a kan darbejiya, da safe in watsa musu gero. Na san shaho, na san muzuru, na san tunku, na san ɓarawo mai ƙafa biyu. Na faɗi wannan ne don a san ba baƙuwar zabi ba ce ta yi abin da za a karanta.

Na biyu, hanya. Na taɓa hawa jirgi zuwa aikin Hajji, amma can jama'a ce ke ɗauke da kai, ko ka rufe ido za ka isa. Wannan karon ni kaɗai ce, da takarda rataye a wuya mai sunana da inda za ni, kamar buhun da aka ba direba saƙo. A filin da muka sauka don canjin jirgi na zauna awa shida a kujera ɗaya, saboda Bilki ta ce kada in motsa. Nan Allah ya haɗa ni da wata 'yar ƙabilar Ibo, Maman Chidi, wadda ta shekara talatin tana sayar da atamfa a Sabon Gari. Ita ma wurin ɗanta za ta. Ta ce daga ɗaurin kallabina ta san 'yar Kano ce. Ita ta nemo mini wurin alwala, ta tsare mini jaka na yi salla.

Na uku, bakin iyaka. A wurin binciken kaya wata ma'aikaciya ta zo da kare. Karen ya wuce jakar kowa ya zo ya zauna a gaban tawa. Na jera kayan a kan tebur da kaina, kowanne da ƙullinsa: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, kanwa, kilishi, da gero mudu biyu na kunun mai jego. Maman Chidi ta tsaya tana fassara.

"Ta ce nama ba ya shiga ƙasarsu."

"Ki gaya mata ban zo da nama ba. Kilishi ne."

"Hajiya, kilishin a bishiya ake tsinko shi?"

Aka ɗauke kilishi. Aka ɗauke gero, wai iri ne, zai iya tsirowa. Na leƙa ta gilashi na ga ƙasar da ake tsoron gerona ya tsiro a cikinta, fara fat har iyakar gani. Daddawa kuwa sai da ma'aikaciyar ta kira wani ya sansana, shi ma ya kira wani. Daga ƙarshe suka miƙo mini da sauri suka ce in ɗaure.

Mijin Bilki na jira a waje. Yana da tarbiyya, a gaban Turawa ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Ya zo mini da riga mai kauri kamar katifa da takalma irin na masu yasar kwata. Da ƙofa ta buɗe na gane dalili. Sanyin da na sani fata yake taɓawa. Wannan haƙora ya fara kamawa, sannan na ji gashin cikin hancina ya sandare. Awa uku muka yi a mota, ni a baya, ba mai magana sai "Sannu, Umma" da "Yawwa". Ƙarfe huɗu da rabi ya ce Magariba ta yi. Na duba agogo, na duba sama. Har na baro ƙasar ban daina jin kamar ana sace mini La'asar ba.

Na huɗu, masauki. Gidan katako ne, ba katanga, ba zaure, ba tsakar gida. Ɗumi daga wasu ramuka a ƙasan ɗaki yake fitowa, ba ka ga wuta ba. Na sami Bilki lafiya da ɗanta namiji. Washegari na tsara aiki: wanka safe da yamma, gasa jiki, kunu, barci. Babu ganyen darbejiya, babu tukunyar dafa ruwa, famfo ake murɗawa. Kunun kanwa da wani hatsi na kwali na dama shi, ya fito da yauƙi kamar miyar kuɓewa, Bilki ta sha don kunyata. A rana ta biyu na sa turaren wuta, sai wani abu a jikin rufi ya kama ihu, jariri ya kama nasa, mijin Bilki ya fito a guje ba hula yana kaɗa tawul. Wai hayaƙi ne ba a so. Gidan mai jego, ba hayaƙi. Abinci kam a wadace yake, sai dai duk lami ne. Albasarsu ko hawaye ba ta sawa.

Daga nan lissafin ya fara ruɗe mini, amma zan ci gaba.

A safiya ta uku ina lazimi na ji kukan zabuwa. Na ce kewar gida ce. Ta sake. Na ɗaga labule, sai ga wani ɗan ɗaki ja a bayan gidan maƙwabta, da wata tsohuwa a bakinsa riƙe da bokiti.

"Bilki, me nake ji?"

"Zabin Madam Doris ne, Umma."

"Zabi? A nan? Wa ya yi musu wannan mugunta?"

Madam Doris ita ce maƙwabciyarsu, kuma ita kaɗai ce, gida na gaba sai an hau mota. Ta haura saba'in, mijinta ya mutu, 'ya'yanta suna nesa. Ranar da naƙuda ta kama Bilki mijinta yana wurin aiki, wannan tsohuwa ce ta fito da motarta cikin ƙanƙara ta kai ta asibiti, ta zauna riƙe da hannunta har ta sauka. Kullum da hantsi takan shigo da miya a kwano, ta ɗauki jariri, Bilki ta samu ta runtsa. Na ce a raina, ko a Gyaɗi-Gyaɗi sai an tona kafin a sami irinta.

Da ta ji ina kiwon zabi, kuma asalinsu daga wajenmu ne, ta kama hannuna biyu tana murna kamar danginsu ne suka zo ganin ɗaki. Ta ja ni wurinsu. Ba zan kira shi akurki ba, don yana da taga da fitila. Su goma sha ɗaya ne. Na tambayi nawa take yankawa a shekara. Bilki ta ce, "Umma, ba a yanka su." Wai saboda kaska take kiwonsu, in zafi ya zo su tsince ta a ciyawa, kuma in baƙon abu ya shigo su yi ihu. Kowace da sunanta, sunan mutane. Akwai wata mai fari a ƙirji, ta fi sauran tsufa, ana ce mata Magaret. Na ɗauka wasa ne irin na tsofaffi, na yi dariya don ladabi.

Sati uku da zuwana aka kira Madam Doris asibitin birni za a yi mata aiki a ƙugu, kwana goma. Wanda ya saba kula mata da zabin ya yi tafiya. Bilki ta ce, "Ai ga Umma." Tsohuwar ta zo da takarda, Bilki ta juya mini ita da Hausa. Na ji daɗin ganinta, don ina girmama mutumin da ke rubuta ƙa'ida. Ga abin da ke ciki. A ba su hatsi sau biyu, na yamma ya fi yawa, da shi suke ɗumama jiki. A duba kwanon ruwa, mai wayar lantarki ne, kada ya daskare. Kada a kai wuta ɗakin. Kada a toshe ramukan iska da ke sama. A sa sakata biyu, saboda akwai yanyawa, da wani irin dila, da wata dabba mai yatsu da ta iya zare sakata ɗaya. Kada a buɗe musu in ƙanƙara ta zuba. A ƙasa ta rubuta lambar wani mutum da za a kira in wani abu ya faru, ta ja mata layi biyu.

Na karɓi amana. Na ce a gaya mata goma sha ɗaya ta bari, goma sha ɗaya za ta tarar, in Allah ya so.

Kuskurena na farko ƙarami ne. Na tsaya a ɗakin na ji iska na shigowa ta sama, na ce ko dai Bilki ce ta juya maganar baibai. A ina aka taɓa jin ana sanyi a bar kafa? A gida buhu nake rufa wa akurki, 'yan tsaki in ajiye musu kaskon garwashi daga gefe. Wuta an hana ni, sai na toshe ramukan da tsummoki. Da safe na tarar bango da rufi sun yi fari da daskararriyar raɓa, ciyawar ƙasa ta jiƙe, zabin sun takure. Mijin Bilki ya tsaya daga bakin ƙofa yana sosa ƙeya.

"Umma, da ma dai... wai numfashinsu ne ke zama danshi in bai sami hanyar fita ba. Danshin ne ke cin ƙafarsu."

"Wato a bar musu iska don kada su ji sanyi."

"Haka suka ce, Umma."

"To."

Na cire tsummokin da hannuna. Har yau ban gane sosai ba, amma washegari bangon ya bushe.

Na biyu shi ne babba. A kwana na biyar ƙanƙara ta wuni tana zuba. Na shida gari ya waye garau, rana ta fito irin wadda ban gani ba tun Kano. Zabin nan suna ta zarya a bakin ƙofa. Duk wanda ya tashi a garinmu ya san abin da ake yi da sanyi in rana ta fito: tsoho ya fito da tabarma, akuya ta jingina da bango, kaza ta baje fiffike. Hantsi ake sha. Na tuna da takarda, amma na ce ai ƙanƙarar ta ɗauke tun jiya. Ƙarfe goma da rabi na zare sakata biyu na buɗe.

Ashe a can ranar da ta fi haske ita ce ta fi sanyi. Ba wanda ya gaya mini, don ba wanda ya zaci akwai mai buƙatar a gaya masa. Kuma ashe zabo ba ya taka farar ƙasa. Ta farko ta leƙo, ta rasa inda za ta sa ƙafa, ta yi ƙara ta tashi sama. Sauran suka bi ta, fuu, ta saman kaina, suka sauka can ƙololuwar wata doguwar bishiya marar ganye.

Da farko ban tsorata ba, zabo a kan bishiya ai gida yake. Na watsa hatsi ina kiransu yadda nake kiran nawa. Hatsin ya nutse, ko alamarsa babu. Na kaɗa kwano. Na jefa dunƙulen ƙanƙara, suka ƙara hawa sama. Bilki tana taga da jariri, ban yarda ta fito ba, ba ta yi arba'in ba.

"Umma, ki shigo haka nan, yatsunki za su mutu!"

"Rufe tagar nan kafin iska ta shige ki!"

"To bari in kira lambar."

"Ki kira ki ce me? An ba uwarki zabi ta kasa?"

Mijinta ya dawo ƙarfe huɗu ya ɗauko tsani, tsanin bai kai rabi ba. Rana ta faɗi suna sama.

Da gari ya yi haske, wajen ƙarfe takwas, mijin Bilki ya riga ya tafi aiki, Bilki ta koma barci bayan wanka. Na fita na ƙirga: goma a sama, sun dunƙule. Ta sha ɗaya tana gindin bishiya, gashi a warwatse, jini a kan ƙanƙara, ga shatin manyan fikafikai a gefe. Daga baya aka ce mini mujiya ce, irin tasu mai girman shaho biyu. Mai farin ƙirjin ce. Bayanta a yage, ƙafafu sun sandare, ido a lumshe, amma da na ɗaga ta na ji ƙirjinta na motsi.

A nan nake so mai karatu ya tambayi kansa abin da zai yi. Dabbar mutum tana hannunka, rai na fita, mai ita ba ya nan. A garinmu amsar ɗaya ce: a kawo wuƙa kafin ta yi mushe. Wanda ya tsaya kallo har ta mutu ya yi wa mai ita asara biyu. Babu namiji a gidan. Ban taɓa yanka da hannuna ba, amma Malama Hadiza ta taɓa karantar da mu cewa yankan mace ya halatta. Na ɗauko wuƙa a kicin, na fuskanci inda muke fuskanta in za mu yi salla, na yi bisimilla. Da na gama hankalina ya ɗan kwanta, na ce ko ba komai na tsamo wa baiwar Allah wani abu.

Na shimfiɗa wani baƙin buhu a kan ƙanƙara don in naɗe ta. Ina juyawa sai na ji fuu, ɗaya ta diro a kan buhun, ta tsaya a tsakiyarsa ba ta taka gefe ba. Na tsaya ina kallonta. Sai na shiga gida na buɗe akwati na kwaso atamfa turmi huɗu da na kawo wa Bilki na fitar arba'in. Na warware su ɗaya bayan ɗaya, daga gindin bishiya har bakin ɗakin, na barbaɗa hatsi a kai. Taga ta buɗe.

"Umma! Atamfofina!"

"Za su wanku."

Kafin Azahar duk goman sun sauko, sun bi atamfa a jere kamar masu rakiyar amarya. Na sa sakata biyu, na ƙirga sau uku.

Sannan na koma kan wadda na yanka. Na fige, na wanke, na soya da yaji da albasa, na jera a kwano mai murfi, ƙundu da hanta a sama don mai abu ta ga ba a taɓa ba. Ina cikin jerawa Bilki ta shigo.

"Umma, mene ne wannan?"

"Wadda mujiya ta taɓa ce. Alhamdu lillahi na same ta da rai."

"Da rai? Da rai kika same ta?" Ta nemi kujera ta zauna. "Inna lillahi. Magaret ce, ko?"

Da yamma mijinta ya zo ya tsuguna, idonsa a ƙasa, ya ce ko za a ce mujiyar ce ta tafi da ita gaba ɗaya. Na ce ban taɓa ba da rahoton ƙarya ba, ba kuma zan fara da furfura a ƙasar mutane ba.

Madam Doris ta dawo ranar da Bilki ta cika arba'in, tana dogara wani ƙarfe mai ƙafa huɗu. Muka shiga, ni a gaba da kwano, Bilki a baya da goyo. Na ba da rahoto bi da bi, Bilki na juyawa: tsummoki, hantsi, bishiya, mujiya, atamfa. Da aka zo kan buɗe ƙofa, inda nake jiran faɗa, sai ta kaɗa hannu, wai ita ma ya taɓa samunta a shekararta ta farko. Da aka zo kan atamfa ta yi dariya har ta riƙe ƙugu. Da ta ji Magaret ce idonta ya kawo ruwa, amma ta dafa hannuna ta ce mujiya ma abinci take nema. Na ce ashe abin da sauƙi. Sai na matsa kwano gabanta na buɗe.

Bilki ta ce a hankali, "Umma, don Allah."

"Gaya mata na same ta da sauran rai na yanka, ba ta yi mushe ba. Ga ta nan cif, ko ƙundu ban taɓa ba."

Bilki ta faɗa. Tsohuwar ta daɗe tana kallon kwanon, sannan ta yi tambaya biyu. Tana numfashi? Na ce tana yi. An kira lambar? Na ce ba a kira ba. Ashe lambar likitan dabbobi ce, wanda ya taɓa ɗinke wannan zabuwar da kare ya kama ta, ta warke. Kuma ashe mijin tsohuwar ne ya rene ta a shekarar da ya mutu, ita kaɗai ta rage cikin nasa.

Likita, da allura da zare, a kan zabuwa. Da na ba Sani wannan labari sai da ya ƙware don dariya, ya ce, "Yaya, da kin sani kin kai ta an sa mata ruwa." Malama Hadiza ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Yankan ya halatta, Hajiya, amma halaccin yanka daban, izinin mai abu daban." Na ce mai abu tana gadon asibiti, rai kuma ba ya jira. Ta ce haka ne.

A ɗakin tsohuwar dai na ga tana kuka, kuma a wurinmu in mutum na kuka a kan abin da ya wuce magana mai ƙarfi ake ba shi ya dafa. Na ce, "Gaya mata mu cewa muke sabo da kaza ba ya hana yanka ta." Bilki ta dube ni, ta juya ta yi Turanci mai tsawo har da dafa ƙirji. Maganata ba ta kai tsawon haka ba, kuma babu dafa ƙirji a cikinta.

"Me kika ce mata?"

"Abin da kika ce, Umma."

"Ƙarya kike."

"To Umma, in na faɗi wancan, wa zan kira a garin nan ranar da yaron nan ya yi zazzaɓi?"

Madam Doris ta mayar da murfi, ta karɓi kwanon da hannu biyu, ta ce ta gode. Na ɗauka an wuce wurin. Bayan kwana biyu na tambayi Bilki ko tsohuwar ta ci, ko yajin ya yi mata yawa. Ta ce yana firiza. Ƙasa ta daskare ba ta haƙuwa, sai ta saki tsohuwar za ta binne shi a gindin bishiyar. Soyayyen nama, da yaji da albasa, yana jiran a binne shi.

Sati biyu na ƙara a can. Tsohuwar ba ta yi mana rashin mutunci ba, in ta hango mu ta taga takan ɗaga hannu. Amma miya ta daina zuwa. Bilki ta ce ƙugunta ne. Ni kuwa ina ganinta safe da yamma tana jan ƙarfenta zuwa ɗakin zabi, kuma ɗakin ya fi ƙofarmu nisa. Ranar tafiyata na je sallama, ta ba ni safar hannu da ta saƙa da kanta, ta rungume ni, ba ta ce in zauna ba. Wanda ya ba ka kyauta bai ba ka kujera ba, fushi yake ko ya huce? Ban sani ba.

Jiya na yi waya da Bilki. Tsohuwar ta ajiye ƙarfen, har mota take tuƙawa, amma ba ta taka gidan ba. Yaron ya yi mura a makon jiya, Bilki ita kaɗai ta wuni da shi. Na zauna na jera laifina. Buɗe ƙofa na san laifi ne, tsohuwar kuma ta yafe tun ban roƙa ba. Wanda ya tsaya mata a rai shi ne wanda na ɗauka alheri na yi. Ko yau aka mayar da ni gindin bishiyar nan ban san abin da hannuna zai yi ba. Sai dai ba ni ce ke zaune can babu maƙwabci ba, 'yata ce.

Don haka ga roƙona ga duk wanda wannan ta isa hannunsa. Ina neman mutum ɗaya, mace ko namiji, a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni ko Unguwa Uku, wanda ya zauna da Turawa har ya san abin da suke faɗa wa juna in irin wannan ta faru, kuma ya iya rubuta Turanci. Kada ya zama ɗan uwana, 'yan uwa gyara magana suke yi. Zan faɗa ya rubuta, sannan ya karanta mini da Hausa in ji ko tawa ce. In akwai abin da ya kamata in ce wanda ban sani ba, ya gaya mini a fili, zan ɗauka. Bilki ta ce ƙasarsu za ta saki nan da mako shida, ina so wasiƙar ta isa kafin a haƙa ramin. Ina gida kullum bayan La'asar, ban da Talata da Alhamis. A tambayi gidan Hajiya mai zabi. Takarda ina da ita, a zo da biro.